Makaɗan Abzin Sun Sallami Tafintansu

 

Ya ku malamai da fatake masu karanta wannan fili, maganar da na kawo muku yau maganar faifan waƙa ce. Na kuwa san wani zai ɗaga kai daga takarda ya ce, me ya haɗa malamin allo da makaɗa? Jawabi a gajarce shi ne, ban zo ba da fatawa a kan halaccin kiɗa ko haramcinsa ba. Wannan mas'ala magabata sun tattauna ta tun da daɗewa. Imamu Gazali ya keɓe mata littafi guda a cikin Ihya'u, Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu sun yi rubutu a kanta, ba su kuwa haɗu a kowace gaɓa ba. Kowa ya san inda malaminsa ya tsaya, ya tsaya nan. Abin da ya shafe mu gaba ɗaya, mai saurare da mai toshe kunne, shi ne yadda wanda aka zalunta ya ke kai kukansa ga wanda ba ya jin harshensa, da abin da ke samun kukan nan in an rage masa murya.

Akwai wani makaɗi Ba'abzine, mutumin jihar Tawa a ƙasar Nijar, sunansa Mahamadu Sulaimanu, duniya kuwa ta san shi da Mdou Moctar. Bahago ne, da hagu ya ke kaɗa jita. Gidansu gidan addini ne, ba su so ya yi kiɗa ba, har jitarsa ta farko ma shi ya haɗa ta da kansa, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan marigayi Abdalla Umbadugu, wanda ya rasu a 2020. Kada wani ya ce ai wannan labarin mutanen nesa ne. Abzinawa ba baƙinmu ba ne a arewacin Kano. Raƙumansu na shigowa gonakinmu da rani in an kau da amfani. Turkuɗin Kura da su ke naɗawa, daga hannun marinanmu da mabugammu ya ke fita. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, asalin kakanninsu daga wajen Abzin ne, daga cikin Agalawan nan kuwa aka sami Alhaji Alhassan Ɗantata. Shi kansa makaɗin nan, faifansa na farko mai suna Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, a irin ɗakin ɗaukar murya da a ke yin waƙoƙin fim ɗin Hausa, da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Babu kantin da ya sayar da shi, daga waya zuwa waya ya yi ta yawo a Nijar da Mali, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci waƙa ɗaya ya sa ta a faifan da ya fitar a 2011. Daga nan ƙofar Turai da Amurka ta buɗe masa.

Sai ya tsayar da ƙungiya ta mutum huɗu: shi da kansa a babbar jita, Ahmudu Madasan a jita ta biyu, Sulaimanu Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai kaɗa jita mai kaurin murya, shi ne kuma mai tsara musu faifai. Irin kiɗansu shi Turawa ke kira rok. Ga wanda bai sani ba, watau jita ce da a ke jona wa wutar lantarki, muryarta ta fita ta amsa-kuwwa da ƙarfi har ta yi gunji, ga kuma tarin ganguna da farantan ƙarfe a gaban mutum guda, yana dukansu da hannu da ƙafa. Da irin wannan kiɗa aka fitar da Ilana a 2019, da Afrique Victime a 2021, sa'an nan ran 3 ga Mayu 2024 kamfanin Matador na Niyok ya fitar musu da Funeral for Justice, ma'anarsa Jana'izar Adalci.

A kan faifan nan ya kamata mu ɗan dakata, domin sai an san abin da aka samu a ke sanin abin da aka rasa. Waƙa tara ce a cikinsa, kusan dukansu ƙara ce aka shigar. Ta farko tana fuskantar shugabannin Afirka a kan barin dukiyar ƙasa a hannun baƙi. Wata mai suna Imouhar tana kiran Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek kada ya salwanta a bakin 'ya'yansu. Wata kuwa Faransa aka kira da sunanta. Duk wanda ya san Arlit ya san dalili. Tun 1971 a ke haƙar yuraniyom a can, an yi shekara da shekaru ana kai shi Faransa a ba da wuta, alhali ƙauyukan da ke kewaye da ramin suna kwana a duhu, Nijar kuma a lokacin tana sayen mafi yawan wutarta daga Nijeriya. To, wannan magana ce aka ɗora wa kiɗa mai gudu, mai zafi, jita tana kururuwa kamar wadda aka taka wa wuya, ganguna na bin ta ba numfashi. Mai tsoron hayaniya ba ya iya zama kusa da shi. Amma ko Bature, ko Bahaushe, ko Bayarabe ya ji shi, bai san kalma ko ɗaya ta Tamashek ba, zai ce lalle mutanen nan an yi musu wani abu. Makaɗin da kansa ya gaya wa 'yan jarida a shekarar nan cewa saƙon siyasa yana bukatar sauti mai ƙarfi da gaggawa, ya kuma kwatanta jitarsa da jiniyar motar asibiti.

Wata tara da 'yan kwanaki bayan haka, ran 28 ga Fabrairu 2025, jajiberin azumi ke nan a wurinmu, sai ga wani faifai daga kamfani guda, mai suna Tears of Injustice, watau Hawayen Zalunci. Masu jiransa suka yi zaton sabuwar magana ce. Ashe waƙoƙin baya ne, takwas daga cikin taran nan, aka sake rera su bayan an cire wa jita wuta, an ture manyan ganguna gefe, an bar ɗan kiɗan hannu da jitar katako. Ni dai da na saurare shi daga farko har ƙarshe, gwiwata ta yi sanyi.

Adalci ya wajaba ko ga wanda za ka soka, balle wanda ka ke ƙauna, saboda haka bari in faɗi uzurinsu yadda ya ke. Ran 26 ga Yuli 2023, cikin Muharram na 1445, soja suka tumɓuke Shugaba Muhammadu Bazum a Yamai, Janar Abdurrahman Ciyani ya hau. Aka rufe iyakoki da sararin sama. A lokacin ƙungiyar nan tana yawon wasa a Amurka, sai uku daga cikinsu suka rasa hanyar komawa ga iyalinsu, har masoyansu suka yi musu karo-karo don su sami abin zama. Fatakenmu ba sa bukatar a ba su labarin kwanakin nan. Sun ga motocin kaya jere a Jibiya da Illela da Maigatari, albasa na ruɓewa a buhu, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, ba a sake buɗe hanya ba sai Maris 2024. A cikin wannan zaman jira ne makaɗan suka shiga wani ɗaki a unguwar Buruklin ta birnin Niyok, suka zauna wuri guda, suka ɗauki faifan cikin kwana biyu. (Abin mamaki, mu muka yanke wa ƙasarsu wuta, su kuma a watannin nan suka yanke wa jitarsu.) Mutumin da bai san halin da matarsa da 'ya'yansa ke ciki ba, in muryarsa ta yi rauni, ba mai zarginsa.

Amma fa akwai abu biyu da uzurin bai rufe ba. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa niyyar yin wannan faifai tana nan tun kafin juyin mulkin, zaman jiran ya gaggauta ta ne kawai. Sa'an nan tsakanin ɗaukarsa da fitarsa an yi shekara ɗaya da rabi, an sami isasshen lokacin shawara. Abin da aka yi cikin ƙunci don a kwantar da zuciya, da an bar shi kyauta ga abokai, ko an liƙa waƙa biyu a ƙarshen wani faifai, da ba wanda zai ce uffan. Da aka yi masa suna da riga da kuɗi, aka jera shi kafaɗa da kafaɗa da yayansa, to, ya shiga kasuwa, abin da ya shiga kasuwa kuwa dole a taya shi.

Ga inda ciwon ya ke. Ku ɗauka wani Ba'abzine ya zo gaban alƙali a Bici yana ƙarar an cinye masa raƙumi. Alƙali ba ya jin Tamashek, muhuti ba ya ji, mutanen zaure ba sa ji. Abin da zai tsayar da ƙararsa shi ne tafinta. In ya sallami tafinta, ya zauna ya sunkuyar da kai yana magana a hankali cikin harshensa, maganarsa gaskiya ce kamar da, ba a rage harafi ba, amma alƙali zai ga mutum mai ladabi ne kawai da wani abu ya dama, ya ce Allah ya kyauta, a kira na gaba. Jitar lantarkin nan ita ce tafintan Mdou Moctar. Yawancin masu sayen faifansa a Amurka da Turai ba sa jin abin da ya ke faɗi, mu ma nan haka. Abin da ke gaya mana wannan ƙara ce, kuma mai ƙarar ransa a ɓace ya ke, shi ne gunjin nan. Da aka cire shi, waƙar da ta kira Faransa da suna ta koma abin da Bafaranshe zai sa a falonsa yana shan gahawa, ya ce kai, hamada akwai natsuwa.

Masu yabon sabon faifan sun ce yanzu kalmomi sun fito sarari, ba abin da ya danne su. Sun fito ga wa? Ga mai jin Tamashek, shi kuwa tun a faifan farko ya ji su, shi ne ma mai ɗakin da ya san inda ya ke yoyo. An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Gaskiya ne. Amma wanda a ke haƙar ƙasarsa shekara hamsin ba shi da lokacin jiran masu hankali, yana bukatar marasa hankalin ma su firgita su waiwayo.

Mu nan Tsanyawa manoma ne, mun san wannan a gona. Ranar gayya, in samari sun jeru a kunya da gangar noma a bayansu, makaɗi na kiran sunan kowa da na ubansa, za ka ga yaron da ko gonar gidansu ba ya gamawa ya tsere wa sa'o'insa, garma na tashi da ƙasa kamar ba hannu ke riƙe da ita ba. To, ka ɗauke gangar, ka zaunar da makaɗin a gindin gawo da yamma, ya maimaita kirarin nan da murya ƙasa-ƙasa. Kirari na nan, sunaye na nan, mai saurare ma zai ji daɗi, har wani tsoho ya share hawaye ya tuna zamaninsa. Sai dai ko kunya ɗaya ba za a nome ba. Haka kuma fatake sun san turkuɗi. Darajarsa tana cikin shunin da aka ɗora masa aka buga har ya yi ƙyalli yana zuba a jiki. In ka wanke shi, zare bai ragu ba, tsawo bai ragu ba, amma je ka Agadas da shi ka ji abin da za a taya.

Kada a fahimce ni cewa ƙarancin kayan kiɗa aibi ne. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika ƙasar nan, ba 'yan amshi, ba ganga, ya kuma faɗa wa attajiri da direba da karen mota gaskiyarsu. Amma waƙoƙinsa a kan kuntigin aka haife su, an yanka rigar daidai jikin mai ita. Wa zai ɗauki waƙar Mamman Shata ya raba ta da kalangai, ko ta Musa Ɗanƙwairo ya raba ta da kotso da amshin yaransa, ya ce ya komar da ita asalinta? Shi kansa Mdou Moctar ya taɓa yin faifai mai sanyi a 2017, Sousoume Tamachek, shi kaɗai ya kaɗa kome a cikinsa, ban kuwa da abin cewa a kansa, domin a wannan siffa ya zo duniya. Malamai sun san bambancin muhtasari da naƙasasshen littafi. Muhtasar na Halilu ya matse lafazi har sai da sharhi a ke warware shi, amma hukuncin yana nan cikakke. In marubuci ya kwafi littafi ya bar lafazi duka, ya zubar da abin da ke sa a yi aiki da shi, ba mu kiran wannan taƙaitawa.

Kalmar asali ɗin nan kuwa ita ta fi damuna, domin na ga ana yawan jingina ta ga sabon faifan, wai makaɗan hamada sun koma gida, sun koma bakin wuta da shayi. I, Abzinawa na kaɗa jitar katako a bakin wuta, wannan ba ƙarya ba ne, shi ma a nan ya koya. Amma ku tambayi duk wanda ya halarci biki a Agadas. Janareta a ke tayarwa, a jona jita, amsa-kuwwa ta yi ta ƙara har tsakar dare, ƙura na tashi, samari na tsalle. A irin wuraren nan makaɗin ya yi suna kafin wani Bature ya san shi. Hayaniyar ma ta gida ce. Shirun nan da a ke kira asali, rabinsa hoton da baƙo ya ke so ya gani ne: mutum da rawani, a zaune a kan yashi, yana baƙin ciki cikin ladabi. Hanyar kuwa an riga an share ta. Ƙungiyar Tinariwen, Abzinawan Mali, waɗanda su ne iyayen wannan kiɗa, sun ajiye jitar lantarki sun ɗauki faifan Tassili a hamadar Aljeriya, ya fita a 2011, a 2012 kuwa aka ba su kyautar Grammy a kansa, wadda ba a ba su ba a kan faifansu masu wuta na baya. Ban ce Mdou Moctar ya yi don kyauta ba, Allah ne masanin zukata, mutumin da ke kashe abin da ya samu wajen haƙa wa ƙauyuka rijiya ya cancanci kyakkyawan zato. Ina dai nuna wa 'yan kasuwa abin da suka fi ni sani, cewa in mai saye ya nuna irin hajar da ya fi so, sannu a hankali ita za ta cika rumfa.

Ta fuskar ciniki babu algus a nan, wannan kam a faɗe shi. Sun bayyana tun kafin a saya cewa tsofaffin waƙoƙi ne a sabuwar siffa, mai saye ya shiga da idonsa biyu, cinikin ya ƙullu. Sai dai ba kowane cinikin da ya inganta ne mai saye ke komawa gida da farin ciki ba.

Abu guda a cikin faifan ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye shi ba. Da hanya ta buɗe suka koma Nijar, Ahmudu Madasan ya tafi da 'yar na'urar ɗaukar murya, ya tara wasu Abzinawa suka yi amshi, aka zo aka haɗa muryoyinsu da abin da aka ɗauka a Niyok. Duk inda amshin nan ya shigo, faifan sai ya farfaɗo, ka ji jama'a a bayan mai magana, ka ji ashe ƙarar ta mutane da yawa ce. Nan ne kaɗai aka ƙara wani abu da babu shi a da, ya kuma nuna abin da za a iya yi da an so: a tsara sababbin waƙoƙi tun daga tushe domin muryoyin mutanen gida, a ɗauke su a Tawa ko Agadas, a kan abin da ya faru bayan 2023. Abin faɗi kuwa bai ƙare ba. Sojan Faransa sun fita daga Nijar a Disamba 2023, gwamnatin soja ta karɓe kamfanin haƙar Arlit a 2025, talakan Abzin na nan yana jiran ya ga ko canjin mai riƙe da makulli zai kawo fitila ɗakinsa. Duk wannan ya faru, mawaƙin da ya fi kowa cancantar ya yi magana a kansa sai ya miƙo mana karatun bara da murya ƙasa-ƙasa.

Wani abokina mai fataucin dabbobi ya ce, to, ai sauƙi ne, ya yi waƙa da Hausa mana, tun da mafi yawan mutanen Nijar na ji, ga shi kuma a 2025 an ɗaga ta ta zama harshen ƙasa a can. Na ce masa a'a, wannan ba zan roƙa ba. Mutumin da ke kuka kada harshen uwarsa ya mutu, ba a ce masa ya bar shi ya ɗauki namu, mu da muka san zafin ganin ajami na ficewa daga hannun 'ya'yanmu. Ya riƙe Tamashek ɗinsa. Amma tun da zai riƙe shi, to, bukatarsa ga tafinta ta ƙaru ke nan.

Saboda haka, ya ku fatake masu bin hanyar Maraɗi da Tawa da Agadas, in Allah ya haɗa ku da shi ko da wani nasa, ku gaishe shi da kyau, ku ce wani malami a Tsanyawa yana yi masa barka da komawa gida lafiya, yana kuma roƙo a faifai na gaba a maida wa jita wutarta, a kira Sulaimanu ya koma kan gangunansa.

Haza wassalamu.

Malamin makarantar allo, Tsanyawa.